Jamus da Indiya a Harkar Biyogas, 1981 zuwa 2024: Nazari Domin Masu Kiwo da Mahautan Daura

A ƙasar Daura kashin shanu dukiya ne. Ana lodinsa a amalanke a kai gona kafin faɗuwar damina, ana saye ana sayarwa, wasu gidajen kuma da kandilo suke hura wuta idan itace ya yi tsada. Don haka duk wanda ya zo wa mai shanu da maganar a zuba kashi a rami a samu gas na girki, sai ya shirya amsa tambaya biyu: me za a samu, me kuma za a rasa. Wannan nazari ya ɗauki Indiya da Jamus, ƙasashe biyu da suka daɗe a wannan harka amma kowacce ta bi hanyarta daban, ya duba abin da kowacce ta samu cikin shekara arba'in da 'yan kai, sannan ya auna shi da ruwa da shanu da yanayin da muke da su.

Ma'aunan da za mu yi aiki da su

Biyogas iska ce da ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa idan suna cin kashi ko ruɓaɓɓen abu a wurin da iska ba ta shiga. Aikin kamar na tumbin saniya ne: yana son ɗumi, yana son abinci kullum a kan kari, canjin abinci na bagatatan kuma yana ɓata shi. Kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari na iskar mitan ne, shi ne mai kama wuta. Yawancin sauran kabon dayoksaid ne, sai tururin ruwa da ɗan haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin lita 40 na gas, wato kilo 25 ke ba da kubik mita ɗaya. Kubik mita ɗaya yana ɗauke da zafin da ya kai kilowat-awa 6. Idan injin janareta mai kyau ya ƙona shi, lantarkin da zai fita bai wuce kilowat-awa 2 da ɗan ɗoriya ba, sauran ya tafi a zafi. A wajen girki, kubik mita ɗaya yana tsayawa a madadin ƙasa kaɗan da rabin kilo na gas ɗin silinda. Bakteriyar sun fi aiki a digiri 35 zuwa 40, suna sanyin jiki ƙasa da 20, ƙasa da 15 kuwa gas ɗin sai dai a ce da shi sannu.

Indiya: rijiya a kowane gida

Tun ƙarni na 19 aka gwada wannan fasaha a Bombay (Mumbai ta yanzu), amma samfurin da ya shiga ƙauyuka ya samo asali ne daga aikin Jashbhai Patel a farkon shekarun 1950, wanda hukumar raya sana'o'in karkara ta KVIC ta ɗauka ta yaɗa daga farkon shekarun 1960. Rijiya ce ta bulo, da duro na ƙarfe a kife a bakinta. Gas na taruwa duron ya taso, ana girki yana sauka. Uwargida tana leƙawa ta san yawan gas ɗin da ya rage mata, ƙarfin wutar kuma ba ya canjawa saboda nauyin duron ne ke turo gas. Matsalarsa tsatsa. Duron yana cin kaso mai tsoka na kuɗin ginin, kuma idan ba a yi masa fenti duk shekara ba, haidirojin salfaid da danshi za su huda shi cikin 'yan shekaru.

Wannan ya sa aka koma ga ƙubbar bulo da siminti, irin wadda aka fi sani a Sin. Samfurin Janata ya fito a 1978, sai Deenbandhu da ƙungiyar AFPRO ta fitar a 1984, wanda ya fi araha kuma ya zama shi aka fi ginawa. A nan babu ƙarfe mai tsatsa, amma duk nauyin ya koma kan magini. Ƙubbar da ta yi tsaga ko da sirin gashi ce, gas zai riƙa sulalewa ba a gani, mai gida ya yi ta zuba kashi murhu na ba da wuta kamar ta aci-balbal.

A 1981 zuwa 1982 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na biyogas. Tsarinsa shi ne tallafi a kan gini: a gina rijiya, jami'i ya zo ya gani, a biya. An shafe shekaru da yawa ana gina sama da 100,000 a shekara, jihar Maharashtra na kan gaba, har jimillar ta kai kimanin miliyan 5 zuwa shekarar 2020. Sai dai wannan adadi na duk abin da aka taɓa ginawa ne, ba na waɗanda ke ba da wuta a yau ba. Binciken da aka yi a lokuta daban-daban ya sha nuna cewa kaso mai yawa sun daina aiki, dalilan kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an sayar da shanun, ruwa ya yi nisa, ƙubba ta tsage, bututu ya toshe babu mai gyara a kusa. Ba wanda ake biya don rijiya ta ci gaba da aiki, saboda haka ba wanda ke komawa ya duba.

Daga 2016 kuma shirin Ujjwala ya raba wa miliyoyin gidajen talakawa silindar gas, sha'awar cuɗa kashi kowace safiya ta ragu. Gwamnati ta juya ga manyan masana'antu. A watan Oktoba 2018 ta fito da shirin SATAT da burin kafa masana'antu 5,000 masu tace biyogas su matse shi ya zama gas ɗin da mota ke amfani da shi. An samu wasu na a zo a gani. A Indore an buɗe wadda ke cin tan 550 na jiƙaƙƙiyar sharar gari kullum a watan Fabrairu 2022, a Punjab kuma kamfanin Verbio na Jamus ya buɗe wadda ke cin karan shinkafa a watan Oktoba na shekarar. Amma har wa'adin ya cika ba a kai ko kashi ɗaya cikin goma na burin ba, kuma babban abin da ya kawo cikas shi ne tara abin da za a ciyar da masana'antar kullum a farashin da zai biya.

Jamus: kuɗi a kan mita

Jamus ba ta damu da girki ba, lantarki ta nema. Dokar 1991 ta tilasta wa kamfanonin wuta sayen lantarkin da aka samar daga makamashi mai sabuntuwa, sai dokar makamashi mai sabuntuwa (EEG) ta shekarar 2000 ta yanke farashi tsayayye na shekara 20 a kan kowane kilowat-awa da manomi ya tura layin wuta. A lokacin tashoshin biyogas na ƙasar kimanin 1,000 ne, yawancinsu ƙanana masu cin kashin garke.

Abin da ya sauya komai gyaran dokar ne na 2004. An ƙara santi 6 (santi 100 ke yin yuro ɗaya) a kan kowane kilowat-awa ga tashar da ba ta wuce kilowat 500 ba, idan da amfanin gonar da aka noma don makamashi take aiki. Manomi ya yi lissafi. Tan ɗaya na ruwan kashin garke yana ba da kubik mita 25 zuwa 30 na gas. Tan ɗaya na ɗanyar masara da aka daddatse da kara da ganye da zangarniya aka adana yana ba da wajen 200. Kowa ya koma masara. Daga kimanin tashoshi 2,000 a 2004 aka kai kusan 6,000 a 2010, bayan gyaran 2009 ya ƙara wani tukuici ga mai haɗawa da kashi aƙalla kashi 30 cikin ɗari. A shekarar 2011 kaɗai an gina sama da 1,000. Jihohin Bavaria da Lower Saxony suka fi kowa.

Ya kamata a ga girman abin da ido. Tasha mai kilowat 500 da ke aiki awa 8,000 a shekara tana cin ɗanyar masara tan 9,000 zuwa 10,000, wato amfanin hekta 200 ko kusa da haka. Tankunanta na kankare ne, ana ɗumama su zuwa wajen digiri 40 da zafin da injin ke fitarwa, akwai farfela da ke motsa kwaɓin dare da rana, ana auna tsaminsa a kai a kai. Da aka tara irin waɗannan tashoshi dubbai, filin masarar gas ya doshi hekta miliyan ɗaya. Kuɗin hayar gona ya tashi a yankunan da tashoshin suka yi yawa, masu kiwon shanun madara suka fara kuka, ruwan takin da ke fita kuma ya ƙara wa wasu yankunan matsalar sinadarin naitiret a ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Gwamnati ta taka birki. A 2012 aka ce masara da hatsi kada su wuce kashi 60 cikin ɗari na abincin sabuwar tasha, aka kuma ware farashi mai kyau, santi 25, ga ƙananan tashoshi masu kilowat 75 da kashi 80 cikin ɗari na abincinsu kashin dabbobi ne. A 2014 aka soke tukuicin amfanin gona, aka taƙaita ƙarin da ake so a megawat 100 a shekara. Daga 2017, in ban da ƙananan tashoshi, sai an shiga takarar farashi kafin a samu tallafi. Gini ya kusa tsayawa cak. Yau tashoshin sun ɗan haura 9,000, suna ba da lantarki wajen kilowat-awa biliyan 30 a shekara, adadin da ya daɗe bai motsa sosai ba. Waɗanda aka gina tsakanin 2004 da 2011 kuwa wa'adinsu na shekara 20 yana ƙarewa tsakanin 2024 da 2031, masu su da yawa suna lissafin ko za su ci gaba.

Idan aka jera su

Wanda ya ƙirga rijiyoyi zai ce Indiya ta ninka Jamus sau 500. Wanda ya ƙirga gas zai ga akasin haka. Mu ɗauka duk miliyan 5 ɗin suna aiki, kowacce na ba da kubik mita 2 kullum. A shekara an samu kubik mita biliyan 3.65, zafin da ya kai kilowat-awa biliyan 22. Wannan lissafin namu ne, kuma mun yi wa Indiya alfarma a cikinsa tunda ba duka ke aiki ba. Jamus kuwa kafin ta fitar da lantarki biliyan 30 sai ta ƙona gas mai zafin biliyan 75 ko fiye. Ta ninka Indiya fiye da sau uku ke nan. Lantarkin nan idan aka baje shi a kan awannin shekara ya kai megawat 3,400, alhali layin wutar Najeriya gaba ɗaya yakan yi yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000.

Duk da haka ba za mu ce Jamus ta ci gasar ba, domin ba abu ɗaya suka nema ba. Kubik mita biyun da ke hana mace shaƙar hayaƙin itace kullum ba ya bayyana a lissafin lantarki. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kowace ƙasa ta samu daidai abin da ta biya kuɗi a kansa. Indiya ta biya kuɗin gini, ta samu gine-gine, masu rai da matattu. Jamus ta biya kuɗin abin da mita ta nuna, ta samu tashoshin da masu su ba sa barin su kwana a lalace, amma da yake dokar 2004 ta sa ladan a kan amfanin gona, sai ta samu gonakin masara maimakon kashin da aka so a rage ɓarnarsa. Ko alƙaluman ƙasashen biyu sun gaji wannan bambanci: na Jamus daga mita suka fito, na Indiya daga takardar kammala gini.

Gida mai shanun turke a Daura

Hanyar masara a rufe take a nan. Damina wata huɗu ce, hatsi na mutane ne, kara da harawa na dabbobi ne da danni, har sayar da su ake yi da rani. Abin da ya rage shi ne hanyar Indiya, tare da guje wa ramukan da ta faɗa.

Gida mai mutum takwas yana bukatar kubik mita 2 zuwa 2.5 a rana don girki, wato ɗanyen kashi kilo 50 zuwa 60. Sa ɗaya da ke ɗaure a turke yana cin ƙoshi zai ba da wajen kilo 10 da za a iya kwashewa, shanu biyar ko shida ke nan. Idan suna fita kiwo da rana, na dare kawai za a samu, sai a ninka yawan shanun. Mai shanun huɗa biyu kada a yaudare shi da rijiya mai kubik mita 2. Mai kiwon ƙiba da ke sayar da shanunsa gab da Babbar Salla ko ya kai su kasuwar Mai'adua garke ya zauna wayam wata biyu, shi ma sai ya san inda zai samo kashi a tsakani. Kandilo ba ya maye gurbin ɗanye, yana tasowa sama ya yi ɓawo.

Sai ruwa, wanda a ganinmu shi ne zai kashe rijiyoyi da yawa a nan kafin komai. Ana cuɗa kashi da ruwa daidai wa daida, kilo 50 da lita 50, jarka biyu kullum, jarka 730 a shekara. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake layi a famfo ana jiran 'yan ga-ruwa, jarka biyun nan da tukunyar gida suke takara. Dabarar rage wannan ita ce a yi wa turken daɓen siminti mai ɗan gangara, fitsarin shanun ya riƙa taruwa a wani ɗan rami a cuɗa da shi, a kuma tace ruwan takin da ke fita a mayar da wani sashe. Ruwan wanki mai omo ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya shiga, haka kashin dabbar da ake yi wa allurar antibayotik, a ware shi har ta gama magani.

Daɓen yana magance wata matsalar ta daban. Ƙasarmu jigawa ce, kashin da aka kwasa da shebur daga ƙasa yana zuwa da yashi, yashin ya kwanta a gindin rijiya, shekara biyu uku ya cinye wurin kwaɓi gas ya ragu ba a san dalili ba. A ɗaga bakin bututun da ke kai kwaɓi rijiya ɗan yatsa uku ko huɗu sama da gindin kwamin cuɗawa, a bar kwaɓin ya ɗan kwanta kafin a buɗe, a kwashe yashin da hannu.

Girman rijiyar daga abin da ake zubawa yake fitowa. Lita 100 kullum, kwana 40 a ciki, kubik mita 4 ke nan, a ƙara wurin taruwar gas ya zama wajen 6. Cikon farko yana cin kashi tan 2 da ruwa jarka 80, a tanade su kafin a gama gini. Kafin a zuba komai a gwada ƙubbar: a rufe ta, a hura iska, a haɗa siririyar tiyo mai haske da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa, a yi alama, a dawo bayan awa 24. Idan ruwan ya sauka sosai akwai tsaga, a sake filasta da fentin da ke toshe iska. Gas na fara zuwa cikin mako biyu zuwa uku. Na farkon kabon dayoksaid ya fi yawa a ciki, ga iskar da ta rage a ƙubba, a sake shi a sarari nesa da wuta sau biyu ko uku kafin a kunna murhu.

Bututun gas ya gangara, santimita ɗaya a kowace mita, zuwa matattarar ruwa a wuri mafi ƙasa, a riƙa zubarwa duk mako. Wutar da ke tsalle tana mutuwa yawanci ruwa ne ya taru a bututu. Murhun silinda ba ya ci da wannan gas sai an faɗaɗa ramin da gas ke fita. Idan wuta ta yi rauni kwaɓin da ke fita kuma yana warin tsami, an cika wa rijiyar ciki ne, a dakata da zubi na 'yan kwanaki. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, wasu darare kan sauka ƙasa da digiri 15 gas ya ragu, sai a lulluɓe ƙubbar da ƙasa da kara, a riƙa cuɗawa da tsakar rana da ruwan da ya sha hantsi.

Rijiyar da ke ba da kubik mita 2 kullum tana tsayawa a madadin silinda mai kilo 12.5 guda biyu a wata. Taki kuma bai tafi ko'ina ba, sinadarin naitirojin yana nan a ruwan da ke fita. Illa dai idan aka shanya shi a rana yana tashi a iska, don haka a tara shi a rami mai inuwa ana yayyafa masa ɓuntu ko busasshiyar ciyawa har lokacin kai taki gona.

Kwata da kasuwar dabbobi

Inda darasin Jamus zai yi amfani shi ne wurin da kashi ke taruwa da kansa kullum, kamar kwata. A nan ma awo ne farko: a auna abin cikin tumbi da kashin da ake samu kowace rana na tsawon wata guda, a yi da rani a yi da damina, kada a gina a kan lissafin ranar kasuwa ko na Salla. Tan ɗaya a rana zai ba da kimanin kubik mita 40. Ƙaramin janareta ba ya kai ingancin na Jamus, a sa ran kilowat-awa 60 zuwa 70, abin da zai riƙe kilowat 8 na awa takwas, ya ja famfon burtsatse da firiza. Ƙona gas ɗin kai tsaye wajen tafasa ruwa ya fi riba, tunda ba a asarar kusan kashi uku cikin huɗu a inji. Jini a sa shi kaɗan kaɗan, yawansa na haifar da ammoniya da ke kashe bakteriyar. Kafin gas ya shiga inji ya bi ta gwangwani mai cike da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa, in ba haka ba haidirojin salfaid zai cinye injin.

Haidirojin salfaid iska ce mai kisa. A watan Nuwamba 2005 mutum huɗu suka mutu a wata tashar biyogas a Rhadereistedt da ke Lower Saxony lokacin da ake sauke sharar mayanka a ramin karɓa. Idan ta yi yawa hanci yana daina jin warinta. Kada kowa ya shiga rijiya don kwashe yashi sai an buɗe ta ta sha iska kwanaki, da igiya a ƙugunsa da mutane a waje.

Ko gida ne ko kwata, yarjejeniyar da za a yi da magini ta ƙunshi abu uku a rubuce. A riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai an ga wuta shuɗiya a murhu wata uku a jere. Ya dawo dubawa aƙalla sau biyu a shekarar farko, ɗaya a cikin hunturu. Sannan ya koya wa wani ɗan unguwar gyaran bututu da bawul da murhu. Idan ƙungiya ko hukuma ce ke ba da tallafi, ta raba shi biyu, kashi na biyu ya fita bayan shekara ga rijiyar da aka tarar tana aiki, a kwata kuma a sa mitar gas a bakin bututu, Sarkin Fawa ya wakilta wanda zai riƙa rubuta abin da ta nuna kowace safiya.